Miyar Albasa a Gaban Suruki

A gidanmu ba a zaunar da yarinya a ce mata kada ta ci abinci a gaban surukinta. Gani take yi ta tashi da shi. Na taso ina ganin mahaifiyata, macen da duk unguwa ake shakkar bakinta, in kakanmu na wajen uba ya yi sallama tana tsakiyar cin tuwo sai ta ja faifai ta rufe kwanon, ta goge hannu, ta zauna kamar mai azumi har ya gama abin da ya kawo shi ya fita. Da na yi aure ni ma haka na yi, kuma ban taɓa jin abin ya takura ni ba. A Kano gida yana da zaure, yana da tsakar gida, yana da ɗaki, kowa da inda yake cin nasa.

A tsakiyar shekarun dubu biyu muna zaune a Kuala Lumpur. Karatun digiri na uku ne ya kai maigidana, ni kuma na bi shi da goyo. Gidanmu yana hawa na tara a wani dogon bene a Titiwangsa, ɗaki biyu da falo, in ka leƙa taga kana hango tafki da masu zagaya shi da gudu ba wanda ya koro su. Aikina girki da wanki da kai yara makaranta. Ranar Asabar in hau jirgin nan mai tafiya a kan gada in sauka kasuwar Chow Kit, in yi cinikin kuɓewa da kifi da ƙafar saniya da guntun Malayancin da na tsinta. Takardar digirina tana ƙasan akwati, a ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa.

Malamar da ke duba aikin maigidana, wadda muke kira Farfesa, ita ce ta tono ta. 'Yar ƙasar ce, gajeriya mai tabarau da ɗan mayafi, ga saurin dariya. Da ta ji cewa a fanninsu na yi karatu, sai ta tasa ni gaba har na nemi gurbin digiri na biyu, aka kuwa ba ni. A daidai lokacin jami'ar ta ɗauki maigidana koyarwa na shekara biyu. Ranar da abubuwan nan biyu suka tabbata na yi rawa a kicin da ludayi a hannu, ban ɓoye ba, murna nake yi.

Murnar ba ta kwana biyu ba Baba ya bugo waya. Baba shi ne mahaifin maigidana, ɗan kasuwar hatsi, mutum kaifi ɗaya. Maigidana ɗansa ne na fari, don haka ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "wancan" ko "kai". Ni kuma, da 'ya'yana biyu, har lokacin "yarinyar nan" nake. Ya ce namiji ya zauna ya yi aikinsa, amma mace da yara su dawo gida. Wani ne ya koma daga Malesiya ya cika masa kunne cewa matanmu a can sun zubar da kunya, suna cin abinci a bakin titi kwano ɗaya da maza, 'ya'yansu kuma ba sa jin Hausa. Maganar yaran dai ba sharri ba ce. Babbar 'yata in ka ce mata "ina kwana" sai ta ce maka "fine".

Na tasa maigidana gaba na ce ya yi magana. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi kin san halinsa. I can't go against him." Na ce to ka iya tsayawa gaban farfesoshi ka kare littafi mai kauri kamar bulo, amma matarka ta gagare ka karewa? Na kwana ina huci. Daga baya dai Baba ya sassauto da kansa. Ya ce tunda zai zo bikin yaye ɗalibai, zai duba da idonsa, gani ya kori ji. In ya gani zai yanke, abin da ya yanke kuma shi ke nan.

Da ya zo na zage damtse. Gaisuwa har ƙasa safe da yamma, ruwan alwala mai ɗumi, tuwon shinkafa miyar kuɓewa ɗanya, kunun gyaɗa da safe. Yara kuwa na yi ta lallaɓa su da alewa don su durƙusa su ce "ina wuni". Matsalar ita ce gidajen can ba a gina su don masu surukai ba. Kicin ɗinmu ba shi da ƙofa, yana kallon falo, Baba kuma a falon yake wuni da carbinsa. Sai na riƙa cin abincina a tsaye, a lungun da ke bayan firji, ina tauna a hankali kamar ɓarauniya. Shi dai yana kallo, yana ji, bai ce uffan ba a kan maganar.

Washegarin bikin sai Farfesa ta gayyace mu cin abincin rana, wai don ta karrama Baba. A Faransa ta yi karatu, kuma akwai wani gidan abincin Faransawa da take ji da shi, wanda sai an kama wuri tun kwanaki kafin a samu. Ta riga maigidana tambaya: ba sa dafa alade, namansu na mahautan Musulmi ne, ta yi magana da mai gidan a kan abin da za a dafa mana, kuma ta kama mana wuri a sama, nesa da masu shan giya. Ni da na ji, sai raina ya ba ni abin da na saba gani a duk walimar mutanenmu, maza gefe guda, mata gefe guda. Na ce ashe ni da Farfesa za mu samu teburinmu, in ci in ƙoshi, in ga abin da Faransawa ke wa alfahari. Saboda haka ko karyawa ban yi ba ranar. Na goge babbar rigar Baba, na kai yara gidan maƙwabciyata 'yar Zariya, muka tari tasi.

Wurin tsohon shago ne mai hawa biyu a wani ɗan titi bayan manyan benaye, da jar rumfa a ƙofarsa da mutane tsaye suna jiran a tashi su zauna. Ƙamshin man shanu da tafarnuwa ne ya fara tarar mu. An rubuta sunayen abinci da alli a baƙin allo kamar a makarantar firamare, ga ƙarar cokula, ga surutu da yare ya fi uku. Baba ya shiga da farar babbar rigarsa da hula, duk aka bar cin abinci aka bi shi da kallo. Shi ko a jikinsa, ya tattara rigar ya hau matsattsen matakalar kamar gidansa.

Da muka isa sama na ga ba yadda na zata ba ne. Tebur ɗaya ne aka kama mana, kujeru huɗu, teburin kuma bai kai faɗin sallaya ba. Farfesa ta rungume ni, ta gaida Baba da hannu a ƙirji, sannan da hannunta ta ja mini kujerar da ke kallonsa kai tsaye. In na miƙa ƙafa sai ta taɓa tasa. Na zauna na naɗe ƙafafuna a ƙarƙashin kujera, na gyara mayafi, na ce a raina ba komai. Zan yi shiru su ci, ba wanda zai lura. A walimar gida ai haka ake yi, a jere abinci gaba ɗaya, kowa ya ci abin da zai ci, a yi addu'a a watse, ba mai ƙirga lomar wani.

Mai kawo abincin wani magidanci ne siriri, ya ɗaura dogon baƙin ƙyalle a ƙugu, ba ya dariya. Ya ajiye kwandon burodi, ya fara jero abin da suke da shi. Farfesa ta tambaya ko Baba zai gwada wani abu da gidan ya yi suna a kansa. Maigidana ya yi tari, ya ce wa Baba, "Wai dodon koɗi ne, Baba, da man shanu."

Baba ya dubi allon, ya dubi mutanen teburin kusa da mu da ke zaƙulo abin da ɗan tsinke, ya ce, "Allah ya ba su lafiya."

Aka tsaya a kan miyar albasa da farko, sannan naman rago. Ba a jima ba miyar ta iso a cikin 'yan tukwanen ƙasa, kowa da tasa, an rufe samanta da burodi da cuku, an gasa har ya yi ja yana tafasa a gefe. Ban taɓa sanin albasa kaɗai za ta yi wannan ƙamshin ba. Cikina ya yi ƙugi har sai da na yi gyaran murya don in rufe. Baba ya yi bisimilla, ya yi ɗan kokawa da cukun da ke bin cokali kamar danƙo, ya shanye tasa. Su ma suka shanye. Ni kuwa hannuwana suna kan cinya, idona yana kan gishirin da ke tsakiyar tebur.

Mai kawo abinci ya zo, ya dubi tukunyata, ya koma. Ya sake zuwa, ya sake duba, ya sake komawa, bai ɗauke kwanon kowa ba. Waɗanda suka zo bayanmu har an kai musu nama. Ashe a tsarin gidan ba a kwashe kwanuka sai kowa ya gama, ba a kuma kawo na gaba sai an kwashe. Ni da na zo don in ɓace, sai ga shi na tsayar da teburi guda.

Farfesa ta taɓa hannuna ta ce, "Makan lah." Wato in ci mana. Na yi murmushi na ce alhamdulillahi, a ƙoshe nake. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta matso ta sake yi mini bayani da Turanci, a hankali, cewa ita da kanta ta shiga kicin ɗin ta gani, ba abin da ya haramta a ciki, ba za ta taɓa kawo mu inda za mu ci haram ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Matar da ta buɗe mini ƙofa ta ɗauka ina zargin addininta ne, kuma ba yadda zan yi in gaya mata gaskiya a gaban Baba.

Maigidana ya ga abin zai lalace, sai ya ɗaga hannu ya ce wa mai kawo abinci, "Boleh tapau?" Wai ko za a ƙulle mana miyar mu tafi da ita, yadda muke yi a shagunan shayi na unguwa. Mutumin ya dube shi kamar an zagi iyayensa. Ya ce wannan miya ba a ƙulle ta, kuma kwano ba ya komawa kicin a cike sai mai gidan abincin ya ji dalili. Yana juya baya maigidana ya sunkuyo ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Please, ko one spoon ne, ki daure." Na taka masa ƙafa da iya ƙarfina. Shi da ya kasa buɗe baki ya yi wa mahaifinsa magana, ni zai ce in buɗe nawa in zuba miya?

Mai gidan ya hawo da kansa, wani ƙaton Bature jajir, da tawul a kafaɗa, yana gumi. Ya tsaya a kaina ya tambaya ko gishiri ne ya yi yawa, ko cukun ne ba na so. Ya ce miyar ta mahaifiyarsa ce, tun yana yaro yake shan ta. Na ce wallahi miya ba ta da laifi. Bai yarda ba. Ya sauka, ya dawo da faranti na ganye da dafaffen ƙwai da kifi, ya ajiye a gefen tukunyar, ya ce to in gwada wannan, naman zai jira. Yanzu kwano biyu ne a gabana, ga mutum biyar suna kallo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk wannan Baba bai san me ake ciki ba, tunda ba ya jin Turanci. Ya gama goge gemunsa, ya ce wa ɗansa, "Kai, abincin ke nan? In ya ƙare mu yi wa baiwar Allah addu'a mu tashi."

Maigidana ya haɗiye yawu ya ce, "A'a Baba, akwai nama. Sai dai su a nan ba sa kawo na gaba sai kowa ya ci na gabansa."

Baba ya dubi tukunyarsa, ya dubi ta ɗansa, ya dubi ta Farfesa, sannan idonsa ya sauka a kan kwanukana biyu ya tsaya. Na sunkuyar da kai. In na ɗauki cokali na tabbatar masa da duk abin da aka faɗa a kanmu, in shirya akwati. In ban ɗauka ba na wulaƙanta malamar da zan zauna a ajinta, ko an bar ni da wane ido zan dube ta? Gaba kura, baya sayaki. Hawaye ya cika mini ido, na ji haushin kowa, har da Faransawan da suka ƙirƙiro cin abinci bi da bi kamar layin asibiti.

Sai Baba ya miƙe. Na ce shi ke nan, fita zai yi. Amma sai ya kama kujerarsa da hannu biyu, ya ɗaga ta, ya juya ta, ya ajiye tana kallon taga, ya tattara rigarsa ya zauna ya ba mu baya.

Ya ce, "Ka ce su kawo nawa nan. Titi nake son kallo."

Titin ba abin kallo a cikinsa, bayan wani shago ne da babura a jere. Ni da maigidana mun san haka, shi ma ya san mun sani. Farfesa ta rasa gane abin da ya faru, ta ɗauka ransa ne ya ɓaci. Maigidana ya sunkuya ya yi mata bayani a gurguje. Ta dafe ƙirji, ta cire tabarau, ta ce kakarta a ƙauye haka take yi da surukinta, ita ce ta manta. Ta juya ta gaya wa mai gidan da Faransanci. Baturen ya dubi bayan Baba, ya gyaɗa kai. Ya tafi da kansa ya ɗauko wani ɗan ƙaramin tebur, ya ajiye a gaban Baba, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera cokula da wuƙa da kofi, bai yi ko murmushi ba, kamar kullum haka ake yi a gidansa.

Na ɗauki cokali. Miyar ta huce, cukun ya daskare, amma ban taɓa shan abu mai daɗinta ba. Albasar ta narke ta yi zaƙi, romon ya ratsa burodin. Na shanye har na kankare gefen tukunyar, na jawo farantin ganyen shi ma na share shi. Farfesa tana ta ɗora mini burodi tana dariya tana share ido.

Daga bakin taga Baba ya ce, "Ta ci?"

Maigidana ya ce, "Ta ci, Baba."

"To su kawo naman."

Naman ya zo, ƙashin haƙarƙari uku-uku a tsakiyar ƙaton faranti, da ɗan dankali a gefe. Baba ya sa aka kawo masa ruwa a kwano, ya wanke hannu, ya ture cokulan da aka jera masa, ya ci da hannunsa. Muka ji shi yana cewa nama kam ya yi laushi, sun iya, amma a tambaye su gida nawa suka raba ragon. Da aka fassara wa mai gidan sai ya yi dariyar da ta girgiza tumbinsa, ya aiko masa da ƙari. Daga nan hira ta warware. Farfesa tana tambayar Baba yadda ake adana gero, yana amsawa yana kallon babura, maigidana yana tsakiya yana juya magana.

A ƙarshe aka kawo wani abin zaƙi na madara da ƙwai a 'yan ƙananan kwanuka, an ƙona sukari a samansa ya yi ɓawo, sai ka fasa da cokali. Ina cikin fasa nawa Farfesa ta ce, cikin murna, tana jirana a aji watan Satumba, har ta ware mini teburi a ofishin ɗalibanta. Ita ba ta san akwai wata magana a ƙasa ba. Maigidana ya yi kamar bai ji ba, ya kama juya kofinsa.

Baba ya ce, "Me ta ce?"

Maigidana ya ɗan yi inda-inda, sannan ya faɗa masa. Na daina motsi. Ina kallon ƙeyar Baba da bayan hularsa.

Can ya ce, "Tun da na sauka gidanku nake jin yarinyar nan tana tauna a bayan firji. Na ce bari in ga ko don ni ake yi a gida, in an fita waje a saki jiki. To na gani." Sannan ya ce, "Ka ce wa malamar amana ce na ba ta. Ta koya mata duk abin da ta sani, kada ta rage."

Maigidana ya fara fassarawa. Ni kuwa ban san lokacin da na ce "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma" ba, da cokali a hannuna. Sai na ji ƙarar kujera. Ya miƙe, ya juyo da ita, ya zauna yana fuskantata kamar farkon zuwanmu. Na yi sauri zan ajiye cokalin.

Ya ce, "A'a. Cinye abinki, 'yata."

Na sunkuyar da kai har mayafina yana neman shiga kwanon, hawaye yana ɗiga a kan farin ƙyallen Bature, na kai cokalin bakina a gabansa.